Yadda 'yan lambunmu suka sami kuɗin koyon kai kuka ga hukuma

Ranar da malamin gona ya turo mini sanarwar ta WhatsApp ina cikin rafi da buta biyu a hannu, ruwa ya kai mini ƙwauri. Watan Fabrairun 2022 ne. Sai da na gama ban ruwan yamma na zauna a kan bulo na karanta. Wani asusu ne mai tallafa wa ƙananan ƙungiyoyin masu sana'a, ya ce zai biya kuɗi a horar da manoman cikin birni yadda za su tunkari hukuma a kan dokoki da tsare-tsaren da suka shafe su. Na sake bin takardar ina neman inda aka ambaci taki ko iri ko injin ban ruwa. Babu. A ƙasa ma an rubuta ƙarara cewa ba za a sayi kayan aiki da kuɗin ba.

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta 'yan lambu a nan Akra, garin da iyayenmu ke kira Ankara. Gidanmu yana Mamobi. Lambun kuwa siririn fili ne a bakin rafi, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, irin wanda duk mai wucewa ta wajen Dzorwulu ya saba hange daga cikin mota. Mahaifina ya kama nasa komayen ne a zamanin Janar Acheampong, lokacin shirin ciyar da kai na 1972 da aka ce kowa ya noma duk filin da ya gani a zaune. Mu 58 ne a ƙungiyar, da Hausawa da Busanga da Mosawa da Dagwamba da Zabarmawa da Kotokoli, Hausa ce ke haɗa mu duka. Muna noma latas da kabeji da albasa mai lawashi da tattasai da alayyahu da ayoyo. A cikinmu babu mai takardar da ta ce ko taku ɗaya na filin nan nasa ne.

Na kai maganar taron Juma'a bayan la'asar. Baba Ciyaman ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Ɗana, kana nufin kuɗin magana ne?" Na ce haka ne, Baba. Nan take wuri ya kaure. Wani ya ce magana ai muna da ita kyauta, wani ya ce a rubuta musu su mai da shi inji ko guda biyu ne. Ni kaina a lokacin rabin zuciyata tana tare da su, don wanda yake ɗaukar buta mai lita 15 a kowane hannu, ya sauka rafi ya hau fiye da sau ɗari a yini, ba sai an gaya masa darajar inji ba.

Wani dattijo da muke kira Kawu shi ya juya taron. Watanni kaɗan kafin nan katafila ta zo da sassafe ta bi ta kan komayensa na ƙarshen fili, albasa saura kwana goma a cire. Washegari mu bakwai muka tafi wani ofis, muka zauna a benci tun safe har bayan azahar, sannan aka ce mana ba nan ake wannan magana ba. Muka tambaya to ina ne, wanda ya ba mu amsa ya ɗaga kafaɗa. Kawu ya tuna mana ranar, ya ƙara da abin da kowa ya gani a Yulin 2021, lokacin da aka tashi 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie aka mai da su Adjen Kotoku, can bayan gari, mutane masu jari da motoci da suka fi mu ƙarfi nesa. Ya ce, "In an ba ku injin, a kan wace ƙasa za ku dasa shi?" Aka yi shiru. Baba ya dube ni ya ce in rubuta.

Matakin farko shafi biyu kawai suka nema: su wane ne ku, mene ne matsalarku, me kuke so ya canza. Na cika shafukan taf. Na sa ƙasa, na sa ruwa, na sa tsadar kashin kaji, na sa ɓarayin dare, na sa masu zubar mana da shara da baraguzan gini, har da farashin da mata masu sari ke yanka mana. Bayan mako uku aka kira mu zaman bayani tare da wasu ƙungiyoyi, da masu kifi da masu ɗinki da masu kaji. Jami'ar da ta riƙe takardarmu ta ce duk abin da na rubuta gaskiya ne, amma babu ofis ɗaya a Gana da zai iya amsa su gaba ɗaya. Ta ce mu koma mu zaɓi abu guda wanda wani mutum takamaimai, mai zaune a wata kujera takamaimai, yake da ikon sa wa hannu. Na fito raina a ɓace, ina ganin an raina mana wahala. Sai da na yi kwana biyu ina juya maganar kafin na yarda da ita.

Daga nan muka faɗa harkar takardu, wadda ta ci mana Maris da Afrilu. Ƙungiyarmu ta fi shekara ashirin, amma a idon doka babu ita. Hanya biyu aka nuna mana: ko mu yi rajista a ofishin rajistar kamfanoni a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, ko mu je Sashen Ƙungiyoyin Gama Kai. Muka zaɓi na biyu don ya fi kama da yadda muke tafiyar da kanmu. Ana son rubutaccen tsarin ƙungiya, da jerin sunayen membobi, da bayanan tarukan baya, da asusun banki mai masu sa hannu uku. Tsarinmu a baki yake, kowa ya san shi: wanda ya rasu komayensa na iyalinsa ne, wanda ya yi tafiya a kula masa da shuka, wanda ya tare wa ɗan'uwansa hanyar ruwa ya biya tara. Dare uku na yi ina zaune da Baba a ƙofar gidansa yana faɗa ina rubutawa da Hausa, sannan na mai da shi Turanci.

Abin da ya cece mu wajen bayanan baya shi ne littafin adashin ma'ajinmu. Littafin makaranta ne mai bango ja, gefensa duk ƙasa da shatin yatsu. Shekara da shekaru yana rubuta zubin kowa da Ajami, da abin da aka fitar na jana'iza ko suna ko asibiti. Na so in kwafe shi a sabon littafi mai tsabta, wani ɗan bautar ƙasa da ke aiki da malamin gonarmu ya hana ni. Ya ce a kai shi yadda yake. Gaskiyarsa, don daga baya na ga yadda jami'an asusun suka riƙa juya shafukansa a hankali, suna tambayar ma'aji ya karanta musu.

Jerin sunaye ya taɓo wani miki da ban zata ba. Ana son lambar Ghana Card, wato katin shaida na ƙasa, ta kowa. Wasu cikinmu an haife su a Burkina Faso ko Nijar, sun shekara talatin ko arba'in a unguwar Nima, wasu kuma an haife su a nan amma sun sha tambayoyi a wajen yin katin saboda sunansu. Mutum tara suka ce kada a sa su a kowace takarda. Ban matsa musu ba. Na tambayi asusun ko za a iya horar da wanda ba ya cikin jerin, suka ce babu laifi muddin masu sa hannu a banki suna da kati. A bankin kuma sai da muka je sau uku, don sunan Baba a katinsa da sunansa a takardar ƙungiya sun bambanta da harafi biyu, kuma kuskuren daga alƙalamina ne.

Sai maganar kason da za mu zuba. Sharaɗin asusun shi ne mu kawo kashi 10 cikin ɗari na dukan kasafin daga aljihunmu, a gan shi a banki kafin su saki nasu. Ma'aji ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kowa ya kawo kuɗin komi ɗaya. Aka tara, bai kai ba. A nan ne wata tambaya da ke cikin fom, wadda na ɗauka ta cika shafi ce kawai, ta yi mana rana: mata nawa ne za su amfana? A lambunmu babu mace ko ɗaya mai noma. Amma duk ganyen da muke nomawa mata ne ke sayensa tun yana kan komi, su zo da asuba su cire su wanke su kai Agbogbloshie da Makola da kasuwar Malam Atta. In katafila ta bi ta kanmu, su ma ta bi ta kan jarinsu. Na je gidan Hajiya, babbarsu, wadda ta yi ciniki da mahaifina tun ina goye. Na gaishe ta na yi mata bayani. Ta ce, "Yanzu kuka tuna da mu, ɗan nan?" Sannan ta ce za su cika ragowar, amma da sharaɗin mata goma sha biyu su zauna a horon, ba a bayan maza ba. Wasu 'yan lambu suka yi gunaguni, don tsakaninmu da masu sari akwai tsohuwar tsama a kan farashi. Baba ya ce an karɓa.

Cikakkiyar takardar neman tallafin shafi goma sha huɗu ce. Ana cikin haka wani mutum ya iso lambu da jaka da takalmi mai sheƙi, ya ce aikinsa ke nan, zai rubuta mana komai, in kuɗi ya fito a ba shi kashi 15. Ya ce ya san mutanen ciki. Da na tambaye shi a wane layi na kasafi za mu rubuta kason nasa, sai ya ce a ƙara a kuɗin abinci, rasit ba matsala ba ne. Baba bai ce masa komai ba sai "Allah ya ba mu alheri", ya juya ya ci gaba da cire ciyawa. Ni da ɗan bautar ƙasar nan muka rubuta abinmu a kwamfutarsa, dare bayan dare, a wani shago a Nima.

Da na karanta wa shugabanni kasafin, da kuɗin zaure da na abinci da na mota da na mai horarwa da na buga takardu, Baba ya tambaye ni abin da ban taɓa kawowa a raina ba. "Kwana biyar daga safe zuwa yamma. To wa zai ba latas ruwa?" Latas da aka dasa ba ya haƙurin yini ɗaya a ranar Akra. Safe da yamma yake sha, wata guda cur, in ka tsallake rana biyu ka yi asarar komin. Duk wanda ya tsara fom ɗin ya ɗauka manomi kamar ma'aikacin ofis ne da zai ɗauki hutu. Na rubuta musu ina neman a sa kuɗin ɗaukar yara masu ban ruwa, suka ce ƙa'idarsu ba ta yarda a biya lada ba. Sai muka sake tsarin gaba ɗaya: maimakon kwana biyar a otal, zama goma, daga ƙarfe goma da rabi zuwa uku, a ajin wata makarantar Islamiyya da ke tafiyar ƙafa daga lambu, a yi sallar azahar a ci abinci a wurin. Har yau ina ganin wannan gyara da Baba ya jawo shi ne ya sa horon ya yiwu.

A watan Yuni mutum biyu suka zo duba mu ba tare da sun faɗi rana ba. An kwana ana ruwan sama, rafi ya cika, suka shigo cikin taɓo har idon sawu. Ba su tsaya wajena ba. Suka bi komaye suna tambayar mutane ta bakin direbansu mai jin Hausa: ka san an nemi kuɗi da sunanka? Na me? Kawu ya ce musu, "Na koyon ƙofar da ake ƙwanƙwasawa."

Amincewa ta zo a Agusta, kuɗi kuwa sai Nuwamba. Wanda ya zauna a Gana a 2022 ya san abin da watannin nan suka yi wa sidi. A farkon shekara dala tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 13, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Kasafin da muka rubuta a Afrilu ya zama kamar rigar yaro a jikin babba. Ga harajin tura kuɗi ta waya na kashi 1.5 da ya fara a watan Mayu, wanda ba mu lissafa ba. Asusun ya ce ba zai ƙara ko kwabo ba, amma ya yarda mu matsa kuɗi daga layi zuwa layi in mun nema a rubuce. Muka soke riguna masu tambari, muka soke allon sanarwa, muka rage nama a abinci. Kuɗin tafinta ne kaɗai na ƙi taɓawa, don mai horarwar ba ta jin Hausa, ni kuma ba zan iya fassara da rubuta bayanin zama a lokaci guda ba.

Muka fara a Janairun 2023, cikin hunturu. Mai horarwar ta zo da manyan takardu ta manna a allo, amma zaman farko ba ta koyar da komai ba. Ta ce mu ba ta labarin ranar katafila daga farko, tana tsayar da mu: wa ya aiko ta? Wa ya gani? An rubuta? Ofishin da kuka je, wa ya ce ku je can? Kafin azahar kowa ya gane cewa mun shekara hamsin a kan ƙasar da ba mu san ainihin hukumar da ke riƙe da takardarta ba, kuma a bakinmu duk wani mai iko "gwamnati" ne.

Zama na biyu da na uku aka warware mana wannan dunƙulen. Mai ƙasa daban, mai kula da wayoyin lantarkin da ke samanmu daban, mai tsara abin da za a yi da kowane yanki na gari daban. Ta tuna mana cewa tun 2018 aka yayyanka tsohuwar majalisar birnin Akra aka fitar da sababbin majalisu da yawa, har yankin Ayawaso kaɗai ya rabu gida-gida, don haka ofishin da iyayenmu suka sani ba lallai shi ke da mu yanzu ba. Ta bi da mu cikin dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936: kashi 70 na 'yan majalisa zaɓaɓɓu ne, 30 naɗaɗɗu, babban zama aƙalla sau uku ne a shekara, kafin magana ta kai can sai ta bi ta ƙaramin kwamiti, kuma akwai na tsara ci gaba, akwai kwamitin karɓar koke da shugaban zaman majalisa ke jagoranta. Ta nuna mana dokar tsara amfani da ƙasa, ita ma ta 2016, mai lamba 925, da dokar 'yancin samun bayani ta 2019, mai lamba 989, wadda ta ba kowa damar rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi bayani a amsa masa cikin kwana 14. Da tafinta ya faɗi wannan, Kawu ya ce a maimaita masa. Aka maimaita. Ya ce, "Har ni?" Ta ce har shi.

Akwai labarin da ya yi mana ɗaci. Kowace majalisa tana da tsarin ci gaba na shekara huɗu, kuma kafin a rufe shi ana kiran jama'a a ji ta bakinsu. Na 2022 zuwa 2025 an riga an rufe shi muna can muna ban ruwa. Ba wanda ya ɓoye mana, mu ne ba mu san ana yi ba.

Zaman da ya fi zafi shi ne na ruwa. Ta karanto mana dokar majalisar birnin Akra ta 1995 a kan noma da sayar da amfanin gona, wadda ta hana ban ruwa da ruwan kwata. Ajin ya yi tsit. Kowa a cikinmu ya san rafin da muke ɗiba ba shi ne rafin da iyayenmu suka tarar ba. Kwatocin unguwanni suna zuba a cikinsa. Wasu suka ce kada a kuskura a ambaci ruwa a gaban hukuma, tona wa kai asiri ne. Ta ce ko mun ambata ko ba mu ambata ba, shi ne abu na farko da jami'in tsabtar muhalli zai jefo mana, gara mu shiga da amsarmu a hannu. Ta kawo shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, waɗanda suka ce ana rage haɗarin mataki-mataki daga gona har faranti, da abin da cibiyar binciken ruwa ta IWMI mai ofis a nan Akra ta gwada tare da 'yan lambu irinmu: a haƙa rami a bar ruwa ya kwanta kafin a ɗiba, kada a dama taɓon ƙasa da buta, a sauke buta ƙasa-ƙasa don ƙasa kada ta fallatsa kan ganye, a bar kashin kaji ya ruɓe sosai kafin a zuba, a dakatar da ban ruwa 'yan kwanaki kafin cira. Na ƙarshen nan ya jawo musu, don latas yana yaushi, in ya yi yaushi kuma Hajiya za ta rage kuɗi. Nan Hajiya ta miƙe ta ce in dai kwana biyu ne, su masu sari za su ɗauka ba ragi, su kuma za su daina wanke ganye a rafi. Ban taɓa jin an yi irin wannan yarjejeniya tsakaninmu da su ba.

Sannan aka aike mu ƙidaya. Binciken IWMI ya ce kimanin mutum 200,000 a Akra ke cin ɗanyen ganyen lambunan birni kowace rana, galibi a abincin titi. Mai horarwar ta ce adadin yana da amfani, amma ɗan majalisa ya fi jin na unguwarsa. Muka ƙirga komayenmu ɗaya bayan ɗaya, muka rubuta bakin da kowane ɗan lambu ke ciyarwa a gida, matan kuma suka rubuto masu waakye, wato shinkafa da wake, da masu soyayyar shinkafa da ke saye a hannunsu. Muka ɗauki hoton gefen da muke nomawa da gefen da aka kore mu, wanda ya riga ya zama juji.

A zama na bakwai muka tsayar da buƙatarmu guda. Mallakar ƙasa ba ta hannun majalisa, kuma ƙarƙashin wayoyin nan ba wanda za a ba. Abin da muka nema shi ne sashen aikin gona na majalisa ya rubuta lambun da masu nomansa a rajista, kuma kada a taɓa kowane komi sai an ba da sanarwa a rubuce ta kwana 60, wato a bar mutum ya cire abin da ya dasa. Wasu matasa suka ce wannan ai roƙon a yanka mu a hankali ne. Na fahimci zafinsu, har yanzu ma ban ce sun yi kuskure gaba ɗaya ba. Amma da Kawu ya sami kwana goma kacal, da bai ci bashin da yake biya har yau ba.

Zama biyun ƙarshe gwaji aka yi. Aka ajiye tebur, Hajiya ta zauna a matsayin shugabar kwamiti, aka ba Baba minti uku. Karon farko gaisuwa da tarihin zuwansa Akra suka cinye lokacin. Hajiya ta duba agogo ta ce, "Alhaji, ina da wani taron." Baba ya ji nauyin abin, na gani a fuskarsa, don a tarbiyyarmu ba a shiga wa babba da buƙata tsirara. Mai horarwar ba ta ce ya bar gaisuwa ba. Ta ce ya yi ta a taƙaice, ya faɗi abin da yake so tun numfashi na biyu, tarihi ya biyo baya in an ba da dama. Sau shida ya maimaita. Ta kuma gargaɗe mu kada mu shiga ofis da kwandon latas, ko da zuciya ɗaya muka yi. In muna so su ga amfaninmu, mu gayyato su lambu.

Muka shigar da takardar koke ta hannun ɗan majalisar unguwar, wanda muke kira asambiliman, muka karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Ba a kira mu ba sai cikin azumi, a watan Afrilu. Mu biyar muka shiga: Baba, Kawu, Hajiya, ma'aji da ni. Baba ya yi maganarsa da Hausa ina fassarawa, bai kai minti uku ba. Kamar yadda aka faɗa mana, tambayar farko a kan ruwa ce. Hajiya ta amsa da yaren Twi, ta zayyana abin da muka fara yi, ta ce a zo a gani. Bayan Sallah mutum uku suka zo suka ga ramukan da muka haƙa.

Rajistar an yi ta. Yanzu sunan lambunmu da na mutum 49 yana littafin sashen aikin gona, kuma an yi mana alkawarin gayyata idan za a saurari jama'a a kan tsarin shekara huɗu na bayan 2025. Sanarwar kwana 60 kuwa an ce sai an tuntuɓi mai ƙasar. Mun rubuta wasiƙar neman bayani a kan ko wane ne shi, mun sami amsa, mun rubuta masa, muna jira.

Rufe lissafi ya kusa fin neman kuɗin wuya. Kowane sidi yana son rasit, mai koko da ƙosan da ta ciyar da mu kuwa ba ta taɓa riƙe rasit ba a rayuwarta. Asusun ya yarda a rubuta takardar biya ta dangwala yatsa, shaidu biyu su sa hannu. Takardar halartar zama na huɗu ta jiƙe a aljihuna, sai da na bi mutum arba'in da ɗaya komi-komi suka sake dangwalawa. Kason ƙarshe bai fito ba sai Yuni, mai horarwar ta yi mana haƙurin wata huɗu.

Ranar 19 ga Disambar 2023 aka yi zaɓen 'yan majalisun ƙananan hukumomi, asambiliman ɗinmu bai dawo ba. Sabon bai san mu ba, bai san da wata takardar koke ba. Mako biyu bayan rantsar da su, Baba ya kira ni bayan sallar asuba ya ce in buga kwafin fayil ɗin gaba ɗaya, da mai hatimin da hotunan da lissafin komaye. Na ce zan shirya in raka shi don fassara. Ya ce mutumin yana jin Hausa, in tsaya in ba albasarsa ruwa. Ya sa fayil ɗin a jakar leda saboda ƙura, ya ɗaure a bayan keke, Kawu ya bi shi a ƙafa har bakin titi.